Daga Akra Zuwa Cape Coast: Arhar Haya da Abin da Ke Bayanta

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu gaɓar tekun Ghana, inda za mu duba wata shawara da ke yawan tasowa a hirar magidanta a Nima da Mamobi da Sabon Zangon Akra: ko lokaci ya yi da mutum zai tattara iyalinsa ya koma garin da rayuwa ta fi sauƙi?

Abin da ke kora mutane sananne ne, wato haya. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a dunƙule, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Akra ya san shekara biyu ake cewa ya ajiye, ga ladan dillali. Magidanci zai ci bashi ya biya, kafin ya gama sauke bashin wa'adi ya sake zagayowa. To, idan irin wannan mutumin ya ji an ce a Cape Coast zai samu ɗaki da falo a kuɗin da bai kai na ɗaki guda a Akra ba, dole zuciyarsa ta karkata.

Cape Coast, wanda mutanen Fante ke kira Oguaa, yana yamma da Akra, tafiyar kimanin kilomita 150. Shi ne hedikwatar Yankin Tsakiya, kuma a ƙidayar 2021 mutanensa sun kusa dubu 190. Gari ne madaidaici, bai kai ya haɗiye mutum ba, bai kuma zama ƙauye ba. Teku na kudu da shi. Ta arewa da gabas kuwa gonaki ne: rogo da masara, lemo a yankin Abura da Asebu, abarba mai zaƙi a Ekumfi, kwakwar manja a Twifo Praso, koko a ƙasar Assin. Abincin nan ba ya yin doguwar tafiya kafin ya iso kasuwar Kotokuraba, shi ya sa kuɗin cefane ke auki. Kifi kuma daga kwalekwale zuwa tukunya, ban da ranar Talata da masunta ba sa fita.

Baƙo Bahaushe ba zai rasa masauki ba. Akwai zango a garin tun zamanin Turawa, lokacin da sojoji da fatake Hausawa suka zauna a gaɓar nan, akwai masallatai da makarantun allo da mahauta. Ga mai 'ya'ya kuwa, a nan manyan makarantun ƙasar suke, irin su Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda marigayi Kofi Annan ya yi karatu, da Jami'ar Cape Coast da aka buɗe a 1962.

Amma jama'a, mu tsaya mu tambayi dalilin arhar nan, domin a nan maganar take.

Cape Coast ce fadar mulkin Turawan Ingila a wannan ƙasa har 1877, lokacin da aka mayar da ita Akra. Daga baya layin dogo ya tashi daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, bai bi ta nan ba. A 1928 aka buɗe tashar jiragen ruwa a Takoradi, sai fataucin da ke sauka a wannan gaɓa ya koma can. Mulki ya tafi gabas, kasuwanci ya tafi yamma, aka bar garin da makarantu da ofisoshin gwamnati da masunta. Gidaje sun fi arha ne saboda masu neman su ba su da yawa, kuma ba su da yawa ne saboda aikin albashi ya yi ƙaranci. Ko masana'antar sukari ta Komenda, wadda aka sake ginawa aka ƙaddamar a 2016 da fatan ta ɗauki mutane aiki, ta shafe shekaru a tsaye saboda rashin isasshen rake. Wanda ya zo da takardar makaranta kawai yana jiran a kira shi aiki, zai iya cinye abin da ya rage na haya kafin a kira shi.

A ganina, ƙaurar nan ta fi dacewa da wanda abincinsa ke tafiya tare da shi: malami ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan fansho, mai aiki ta intanet, tela ko makaniki mai gwaninta. Ta kuma dace da ɗan kasuwar da ya fahimci cewa dukiyar yankin tana tsakanin gona da kasuwa. Lokacin kakar lemo ana yin asara mai yawa don rashin mai ɗauka da wurin adanawa. Wanda ya iya sarin lemo ko garin rogo ko ƙyafaffen kifi daga Mankessim da Elmina ya kai Akra ko Kumasi, ya kuma sauko da albasa da wake da dabbobi daga arewa, ya samu sana'a. Wannan kuwa hanya ce da iyayenmu suka sani tun zamanin fataucin goro.

Kada kuma a ɗauka ko'ina arha ce. Unguwannin da ke kewaye da jami'a, irin su Amamoma da Apewosika, ɗalibai sun tayar da farashin ɗakuna a cikinsu. Gida kusa da teku yana da daɗin iska, amma gishirin da ke cikin iskar yana cin kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da firji da babur.

Sai batun ruwa, wanda ya fi damuna. Wani ɓangare na ruwan famfon garin daga kogin Pra ake tace shi, a Sekyere Hemang, kogin da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wato 'yan galamsey, suka mayar da shi kamar kunu. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasar ya fito fili ya ce laka ta hana shi tace abin da ya saba, aka shiga ƙarancin ruwa a Cape Coast da Elmina. Kafin ka biya haya, tambayi matan gidan sau nawa famfo ke kawo ruwa a mako. Su ne za su gaya maka gaskiya.

Mai sha'awar fili ko gona kuma ya yi hattara. Mafi yawan ƙasar a hannun sarakuna da dangi take, kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne. A je Hukumar Filaye a bincika kafin a miƙa ko sisi. Wanda ba ɗan ƙasa ba, doka ba ta ba shi hayar fili ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba.

Don haka ɗan'uwa, in kana da wannan niyya, je ka da kanka tukuna, ka bar iyali a inda suke. Zaɓi watan Yuni, lokacin da damina ta kankama, ka ga unguwar da ruwa ke kwanciya. Gaida sarkin zango da limami, zauna da 'yan kasuwar Kotokuraba, koyi gaisuwa da harshen Fante. In ka tabbatar da inda abincinka zai fito, sai ka aika a ɗauko su.