Harshe da Martanin Masu Kallo ga Reshen Wasan Kwaikwayon Talabijin na Matasa: Waiwaye Daga Keffi

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1962 da aka fara watsa shirye-shiryen talabijin a Kaduna, wasan kwaikwayo ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da Hausa take bi ta shiga gidajen jama'a, har da gidajen da ba ita ce harshensu na gado ba. Idan wasa ya karɓu ya daɗe ana yin sa, masu shirya shi sukan yi sha'awar fitar da wani sabo daga jikinsa domin su jawo matasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa masu kallo kan rungumi irin wannan sabon wasa ko su juya masa baya. Ra'ayin da maƙalar ta ginu a kansa shi ne, masu kallo da uwar wasa suke auna ɗanta, kuma babban ma'aunin da ke hannunsu shi ne dacewar harshe da matsayin mai magana. An ɗauko misali daga wasan leƙen asiri saboda a cikinsa ne wannan ma'auni ya fi fitowa fili, sannan aka dubi garin Keffi na Jihar Nasarawa saboda yanayin cuɗanyar harsunan da ke cikinsa.

2.0 Ma'anar Reshen Wasa

Akwai hanyoyi uku da sabon wasa kan fito daga tsoho, kuma ya kamata a bambance su. Hanya ta farko ita ce ci gaba, wato a ɗora daga inda aka tsaya da gari ɗaya da akasarin taurari ɗaya. Misalinta shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka kafa a shekarar 2014. Wasan ya ci kyautar fina-finan harsunan gida ta AMVCA a ɓangaren Hausa a 2016, daga baya kuma aka ci gaba da shi da sunan Daɗin Kowa Sabon Salo. Hanya ta biyu ita ce sabon zubi, inda ake riƙe sunan wasa amma a sake labari da taurari. Haka ta faru da Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a 2020 da labarin Sumayya, daga bisani aka koma kan labarin Mainasara. Hanya ta uku ita ce wadda wannan maƙala ta kira reshe, wato a ɗauki duniyar tsohon wasa, ko wani tauraro daga cikinsa, a gina sabon labari mai zaman kansa domin wasu masu kallo na daban.

Reshe ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Gizo da Ƙoƙi suna yawo daga wannan tatsuniya zuwa waccan ba tare da halinsu ya sauya ba. Haka ma marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, ya riƙa ɗaukar sunan Ibro da halayensa daga fim zuwa fim, kamar Ibro Awilo da Ibro Usama. Abin lura a nan shi ne, da murya da salon magana ake gane Gizo da Ibro tun kafin a san inda labarin ya dosa.

3.0 Misali Daga Ingila

A shekarar 2002 gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani wasan leƙen asiri mai suna Spooks, wanda ya ƙunshi aikin jami'an hukumar tsaron cikin gida ta Birtaniya, wato MI5. Wasan ya yi zango 10, ya ƙare a 2011, kuma tun daga farko har ƙarshe akwai dattijon shugaba, Harry Pearce, wanda ƙananan jami'ai suke aiki a ƙarƙashinsa. A watan Agusta na 2008 sai aka fitar da reshensa mai suna Spooks: Code 9 a tashar BBC Three, wadda aka keɓe domin matasa. An gina labarin a kan cewa bam na nukiliya ya tashi a Landan lokacin wasannin Olamfik na 2012, saboda haka hukumar ta koma ɗaukar samari da 'yan mata aiki a arewacin Ingila. Tun a kashi na farko aka kashe shugabar tawagar, jagoranci ya faɗa hannun wani matashi masanin lissafi.

Reshen bai yi tsawon rai ba. Masu sharhi a jaridun Birtaniya sun yi masa ca, yawan masu kallo ya yi ta raguwa, bayan kashi 6 aka tsayar da shi. Babban ƙorafin da aka yi shi ne, taurarin da maganganun da aka sa a bakinsu ba su yi kama da na mutanen da za a damƙa wa sirrin ƙasa ba. Ke nan matasan da aka yi wasan dominsu ba su taru sun riƙe shi ba, alhali uwar wasan ta ci gaba har tsawon shekara uku bayan mutuwar ɗanta.

4.0 Keffi da Masu Kallonta

Abdu Zanga, wani Bafulatani, shi ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, garin kuma ya zauna a ƙarƙashin Zazzau. A nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. An buɗe Kwalejin Gwamnati ta Keffi a 1949, wadda ta tara ɗalibai daga sassa daban-daban na Arewa. Garin ya kasance cikin Jihar Filato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, a farkon shekarun 2000 kuma aka kafa jami'ar jihar a cikinsa. Tsakaninsa da Abuja kimanin kilomita 50 ne. A yankin ana jin Fulatanci da Gade da Gbagyi da Afo da Mada da Eggon da Gwandara, wanda masana suka tabbatar shi ne harshe mafi kusa da Hausa a dangantaka. Hausa ce take haɗa waɗannan al'ummu a kasuwa da tasha, Ingilishi kuma a makaranta da ofis.

Bisa ga wannan, ana iya kasa masu kallon wasan Hausa a irin wannan gari gida uku. Akwai waɗanda Hausa ce harshensu na farko, masu kunnen da ke saurin kama kuskuren jinsi ko na karin sauti. Akwai waɗanda suka tsinci Hausa a unguwa da kasuwa, waɗanda a Hausarsu jinsin mace kan ɓace, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma k da d da b. Sannan akwai ɗalibai da ma'aikata masu zirga-zirga tsakanin Keffi da Abuja, waɗanda suke surka Hausa da Ingilishi ba tare da sun lura ba. Duk rukunonin nan uku wasa ɗaya suke kallo, ko ta tauraron ɗan'adam ko ta wayar hannu, amma abin da kowane rukuni yake saurare a cikinsa daban ne. Wannan ne ya sa Keffi ta fi Kano ko Katsina saurin nuna ko harshen wasa ya tsaya da ƙafarsa.

5.0 Ma'aunin Harshe

5.1 Dacewa da Matsayi

Wasan leƙen asiri ya dogara ne a kan iko da sirri da biyayya, kuma duk ukun nan a baki ake nuna su. Wasan Hausa da ya fi kusa da wannan nau'i shi ne Kwana Casa'in na Arewa24, wanda aka fara a 2019, inda aka nuna siyasa da maƙarƙashiya da aikin jarida a wani ƙagaggen wuri mai suna Alfawa. A irin wannan wasa mai kallo yana gane wa ke sama wa ke ƙasa daga gaisuwa da laƙabi da kuma abin da aka ƙi faɗa. A dubi waɗannan ƙagaggun jimloli guda biyu, a ɗauka ƙaramin jami'i ne yake ba shugabansa rahoto:

(1) Yallaɓai, an bi sawun mutumin har masaukinsa, amma ba a taɓa shi ba, ana jiran umurni.

(2) Oga, mun fa bi gayen har inda ya sauka, amma mun basar da shi, sai yadda ka ce.

Saƙon jimlolin ɗaya ne. Amma a jimla ta (1) mai magana ya ɓoye kansa a bayan wakilin suna na "an" da "ana", wanda a Hausa alama ce ta ladabi da taka tsantsan. A jimla ta (2) ya fito da kansa fili, ya kuma jawo shugabansa ya mai da shi tsara. Bahaushe yana jin jimla ta (2) zai ɗauka raha ake yi, da zarar ya ɗauka haka kuwa fargabar da wasan ke son jefawa a zuciyarsa ta gushe.

5.2 Sara

Mai shirya wasan matasa yakan ɗauka cewa hanyar kama zuciyarsu ita ce cika bakin taurari da sara, kamar "ɗaukar wanka" da "ya haɗu" da "share shi" da "shanawa". Matsalar sara ita ce gajeren rai da ƙarancin faɗi. Wanda a da ake kira ɗan kwalisa ya zama ɗan gaye, yau kuma wata kalmar ce ta maye gurbin. Kafin a rubuta wasa a ɗauka a tace a nuna, sarar da aka sa a ciki tana iya tsufa, matasa kuwa su ne farkon masu gane dattijon da ya ari bakinsu. Daɗin daɗawa, sarar da ta cika unguwannin Kano ba lalle ne ta iso Keffi da ma'anarta ba. Mai kallo na rukuni na biyu, wanda yake bin Daidaitacciyar Hausa ba tare da wahala ba, shi ne sara take fara rufe wa ƙofa.

5.3 Ingausa

Surka Hausa da Ingilishi ya fi sara wuyar hukunci, domin da gaske haka jami'an gwamnati da ɗaliban jami'a suke magana. Alal misali:

(3) Mun yi tracking ɗin wayarsa tun jiya.

Ɗalibin jami'a a Keffi ba zai ji wani baƙon abu a jimla ta (3) ba, amma mahaifiyarsa da suke kallo tare ta rasa kalmar da ma'anar jimlar ta rataya a kanta. Inda za a ce "mun bi diddigin wayarsa", da dukansu biyu sun fahimta, ba kuma abin da ya ragu daga ƙimar jami'in. Saboda haka abin tambaya shi ne ko surkin yana bayyana halin tauraro, ko kuwa gazawar marubuci ce wajen nemo kalmar Hausa.

6.0 Darasi Daga Magabata

Tarihin wasan Hausa ya nuna cewa masu kallo ba sa ƙyamar karkatacciyar Hausa in dai ta dace da mai ita. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shahara ne a Samanja Mazan Fama da Barikanci, wato Hausar barikin soja mai gauraye da Ingilishi da kurakuran jinsi. Ba a zarge shi da ɓata Hausa ba, saboda tsohon soja ne yake magana kamar soja, kuma a kewaye da shi akwai masu ingantacciyar Hausa da ake auna tasa da tasu. Haka kuma lokacin da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya a Labarina daga hannun Nafisat Abdullahi, masu kallo sun yi ta kwatanta su, domin sun riga sun haɗa sunan Sumayya da wata murya da wani salon furuci.

Darasi mafi girma yana cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka wallafa a ƙarshen shekarun 1930. A littafi na uku an shigo da yaro, wato Fasih ɗan Aku, amma ba a kawar da uban ba. Aku ne yake koya wa ɗansa dabarun zance da zaman duniya, mai karatu matashi kuma yana zaune a gurbin Fasih yana koyo tare da shi. Wannan shi ne abin da reshen wasan Ingila ya rasa sa'ad da ya kawar da shugaba tun a kashi na farko. Matashi yana kallon wasan manya ne domin a buɗe masa ƙofar zauren da ba a saba barinsa ya shiga ba. Idan aka kwashe manyan aka bar shi da tsararrakinsa, an mayar da shi inda ya baro.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bambance ci gaba da sabon zubi da reshe, ta kuma nuna cewa makomar reshen da aka yi domin matasa tana rataye ne a kan dacewar harshe da matsayi fiye da shekarun taurari. Batun ya wuce nishaɗi. A gari irin Keffi, inda yara da yawa ba sa samun darasin Hausa mai zurfi a makaranta, wasan talabijin yana cikin wuraren da suke jin Daidaitacciyar Hausa da karin magana da ladubban zance a kai a kai. Idan aka mayar da wasannin matasa dandalin sara da Ingausa zalla, masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu su ne za su fi yin hasara. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su kusanci marubutan waɗannan wasanni, musamman wajen samar da kalmomin tsaro da bincike da na'ura. Haka kuma akwai buƙatar manazarta su naɗi hirar masu kallo a Keffi da Lafiya da Akwanga, su kwatanta da ta Kano da Zariya, domin a ga yadda kowane rukuni yake sauraren wasa ɗaya.