Ɗalibai da aikin fahimtar da manoma sabuwar kimiyyar iri

A yankin Funtua da Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina, inda auduga da masara da wake ke riƙe da gidaje masu yawa, sau tari sabon iri kan riga bayaninsa isa gona.

A shekara ta 2018 ne Nijeriya ta yi rajistar audugar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wadda kamfanin Mahyco na Indiya ya gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Wake mai suna SAMPEA 20-T ya biyo baya a 2019, sai masarar TELA a watan Janairun 2024.

Abin da aka yi wa audugar da waken dai shi ne, an ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa, wadda ake yi wa laƙabi da Bt, aka dasa a jikin shukar. Ta haka shukar ke samar da sinadarin da ke kashe tsutsar da ta ci ta. Masu binciken sun ce manomin wake na iya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina.

To sai dai kimiyyar ta riga ta wuce nan. A fannin da ake kira harhaɗa halitta, masana kan tsara jerin ƙwayoyin gado a kwamfuta, su haɗa su kamar yadda injiniya ke haɗa sassan inji. Ta wannan hanya aka sa yis ya riƙa samar da tushen sinadarin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, wanda kamfanin Sanofi ya fara sarrafawa a 2013. Nijeriya kuwa ta shigar da fannin cikin dokar hukumar NBMA mai sa ido kan wannan fasaha, a gyaran da aka yi mata a 2019.

A ƙasashe da dama, ɗalibai na cikin masu kai bayanin ga jama'a. Gasar iGEM, wadda ta samo asali daga wani darasi a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, ba aikin ɗakin gwaji kaɗai take dubawa ba: alƙalai kan tambayi ɗalibai yadda suka saurari mutanen da aikin zai shafa. A 2006 ɗaliban jami'ar Edinburgh sun tsara bakteriyar da ke gano gubar asanik a ruwan rijiya.

Wannan salo zai iya karɓar kudancin Katsina. Ɗaliban aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello kan shafe shekara guda suna koyon aiki a gona, da yawansu 'ya'yan manoma ne, kuma Hausa suke ji. Tambayar da manomi zai ji nauyin yi wa jami'in gwamnati, ba zai ji nauyin yi wa ɗan maƙwabcinsa ba.

Amma fa wayar da kai ba talla ba ne. Ɗalibin da aka tambaya ko ana iya ajiye iri don baɗi, dole ya bambance: waken ana iya ajiyewa a sake shukawa, audugar kuwa mai aure ce, sai an sayi sabon iri kowace shekara idan ana son yabanya ta yi kyau. Kazalika ya kamata ya san labarin Burkina Faso, wadda ta daina noman audugar Bt a 2016 bayan kamfanonin auduga sun koka cewa zarenta ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwa.