Haɗa Samfurin Jirgin Hurricane: Karatun Tarihi da Yatsu

Wanda ya ga magidanci da gemunsa ya duƙufa a kan tebur yana manna 'yan gutsattsarin roba da gam, zai ce ƙuruciya ce ta dawo masa. Amma haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi, in dai bisa ƙa'ida aka yi shi, karatun tarihi ne da ake yi da yatsu. Mu ɗauki Hurricane, jirgin da Sydney Camm ya zana wa kamfanin Hawker na Ingila, wanda ya fara tashi a Nuwamban 1935, aka kuma ƙera sama da 14,000. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ya ɗan haura mita 12. A ma'aunin 1:72, inda santimita ɗaya ke tsayawa a madadin 72, faɗin nan kan dawo kusan santimita 17, bai ma cika taƙi guda ba. A cikin wannan ɗan wuri ake son kujerar matuƙi da agogunan gabansa da farfela da tayoyi su zauna kowanne a gurbinsa.

Wahalar aikin ita ce amfaninsa, domin kowane mataki tambaya yake jefowa. Bayan gangar jikin Hurricane yadi aka lulluɓa a kan ƙarafa da sandunan katako, shi ya sa layukan haƙarƙarinsa suke fitowa. Wanda ya matsa wa wurin da sanfefa ya goge shaidar yadda aka ƙera jirgin. Da an zo fenti kuma sai a tambaya: wane Hurricane? Wanda ya kare sararin Ingila a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kore da ruwan ƙasa ne a samansa. Wanda aka tura hamadar Masar da Libiya launin yashi da ruwan ƙasa ne, kuma yana da kumburarriyar matatar iska a ƙarƙashin hancinsa, don rairayi na cinye inji. Hatta baƙin hayaƙin da ke bin gefen inji, da fentin da takalmin matuƙi ya kankare a gindin fiffike, sai an duba tsofaffin hotuna kafin a ɗiga su da bakin buroshi.

Mai bin sawun wannan matatar iska kuwa zai tsinci kansa a gida. Daga Satumban 1940, da hanyar tekun Bahar Rum ta zama haɗari, Ingila ta riƙa kai jirage a wargaje cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Ghana ta yau. A can ake haɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har zuwa Alƙahira. Hurricane na cikin ayarin farko. Ashe shi ma jirgin gaskiyar daga akwati aka ciro shi gunduwa-gunduwa, kamar na kan tebur.

Wasu za su ce duk da haka wasa ne. To, a 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa samfurin jirage 500,000 a wannan ma'auni na 1:72, domin a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba. Ba a ɗora ran mutum a kan abin wasa. Wasu kuma za su ce ƙawata makamin kisa ne, kuma maganarsu abar dubawa ce. Sai dai wanda ya shafe makonni yana binciken lambar wani jirgi ba zai tsere wa tambayar wane ne ya tuƙa shi ba, ko ya dawo ko bai dawo ba. Jahilcin yaƙi ne ke sa a yi sha'awarsa, saninsa kan sanyaya jiki.

Saura batun tsada, tunda daga waje ake shigo da kayan haɗin. Gaskiya ne, amma da katako ɗaliban Amurka suka yi nasu. Yaron da ya iya fere ɓargon kara ya haɗa mota, ko ya yanka gwangwani ya fitar da tirela, hannunsa ya riga ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne zane mai awo, da rula, da wanda zai nuna masa yadda ake raba mita 12 gida 72.