Idan Malam Ya Tafi Da'awa Ƙetare, Wa Zai Karantar Da 'Ya'yansa?

 

Bayan ƙaramar sallar da ta gabata, wani abokin karatunmu ya zo ganin gida daga ƙasar Gini Bisau, inda wata ƙungiyar da'awa ta tura shi shekara shida ke nan. Yana zaune ne a yankin Gabu, gabashin ƙasar, cikin Fulani. An zaɓe shi saboda yana jin Fulatanci, ko da yake ya ce sai da ya yi watanni kafin kunnensa ya saba da irin nasu. Mun zaci hirarmu za ta tsaya a kan masallatan da aka gina da darussan da ya buɗe a ƙauyuka, amma tun daga bayan isha'i har dare ya raba, maganarsa ba ta wuce karatun yaransa ba.

Yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, babban yana da shekara goma sha bakwai, ƙaramar tana goye. Makarantun gwamnati a can da harshen Fotugal ake koyarwa, ga yajin aikin malamai da ke cinye watanni. Makarantun kuɗi masu kyau suna can Bisau, babban birnin ƙasar, kuma albashinsa ba zai ɗauki nauyin yaro biyu a cikinsu ba, balle tara. Zaɓi uku ya rage masa: ya bar yaran a gida wajen dangi, ko ya sa su a makarantar da ba za ta haɗa su da jami'o'in ƙasarsu ba, ko kuma ya mayar da tsakar gidansa makaranta. Na ukun ya zaɓa.

Wannan matsala ta girmi abokinmu. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha da iyalinsu suka tafi. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya yarda da shi, ya zauna can fiye da shekara goma tare da matarsa Asma'u 'yar Umais, a can aka haifi ɗansu Abdullahi da ƙannensa, bai iso Madina ba sai a shekara ta 7 bayan hijira, lokacin buɗe Khaibar. Babu masallacin Annabi a kusa da waɗannan yara, babu halƙar karatu sai ta iyayensu, amma sun dawo suna Musulmi masu sanin addininsu. Bukhari ya ruwaito labarin Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a Habasha, wadda Manzon Allah (SAW) ya sanya wa tufa da hannunsa, ya yaba kyanta da wata kalma ta harshen Habasha. Ke nan ya san yarinya ce da ta tashi da harshe biyu, ya kuma yi mata magana da abin da zai faranta mata rai. Mai 'ya'ya a baƙuwar ƙasa yana da abin lura a nan.

A kusa da mu kuma akwai gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu ya yi shekaru yana yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, ga iyali masu yawa, ga hijirar 1804 daga Ɗagel zuwa Gudu da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. Nana Asma'u ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba a lokacin hijirar, kuma a cikin wannan ƙaura da rashin zama wuri ɗaya ta tashi ta zama malamar da ke rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A littafinsa Nurul Albabi, Shehu ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, har ya danganta wannan da neman suna. Bahaushe yana da sunan irin wannan malami: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Hukuncin a fili yake. Fita da'awa zuwa wata ƙasa farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura. Tarbiyyar 'ya'yan mutum kuwa farilla ce a kansa shi kaɗai, aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora masa tsare kansa da iyalinsa daga wuta, babu kuma ƙungiyar da za ta amsa tambaya a madadinsa ranar hisabi. Da Malik ɗan Huwairis da abokansa samari suka yi kwana ashirin a Madina, Annabi (SAW) ya lura sun yi kewar gida, sai ya umarce su da su koma cikin iyalinsu su karantar da su.

Ba laifi mu dubi yadda wasu suka fuskanci wannan lamari, domin hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa. 'Yan mishan na Kirista da suka zo ƙasarmu sun daɗe suna kokawa da shi. Maganin da suka fara samowa shi ne makarantun kwana: Hillcrest da aka buɗe a Jos a 1942, da Kent Academy a Miango wadda ƙungiyar SIM ta kafa a tsakiyar shekarun 1940, daga baya kuma Sahel Academy a Yamai. Yaro ɗan shekara shida ake ɗauka daga wajen uwarsa a kai shi kwana, ba ya ganin iyayensa sai hutu, domin su sami sukunin aiki. Da yawa daga cikin yaran sun sami ilimi mai kyau, amma da yawa kuma sun girma da ciwon cewa an fifita aikin a kansu. A makarantar kwana ta Mamou da ke ƙasar Gini abin ya wuce kewa: cocin da ya mallake ta ya kafa kwamitin bincike a shekarun 1990, aka tabbatar an ci zarafin yara, cocin ya nemi gafara. Kafin mu yi musu dariya, mu tuna mu ma muna da al'adar tura yaro ɗan shekara shida wani gari da sunan karatu, ba tare da mun san inda yake kwana ba.

Wannan yana cikin abin da ya sa iyalan mishan da yawa a yau suka koma karantar da 'ya'yansu a gida. Kuma ba su bar uwa ta yi ta lalube ita kaɗai ba. Tun farkon ƙarni na ashirin makarantar Calvert da ke Baltimore a Amurka ta fara aika darussa ta gidan waya ga iyalan da ke nesa. A 1990 John Holzmann da matarsa Sarita suka kafa manhajar Sonlight, da nufin kada matsalar karatun yara ta tilasta wa ɗan mishan barin wurin aikinsa. Akwati guda ake aiko wa iyali, da littattafan shekara, da jadawalin abin da za a karanta kowace rana. Mu kuwa sai mu raka malam filin jirgi da addu'a da katan ɗin littattafan rabawa, babu wanda ya tambaye shi ajin da 'yarsa take.

Ga yadda abokinmu ya tsara nasa gidan. Bayan sallar asuba shi ke zama da yaran gaba ɗaya a kan Alƙur'ani, ƙanana da allo, manya da mus'hafi, har rana ta fito. Daga hantsi zuwa azahar lokacin boko ne, kuma uwargida ce shugabar makaranta, domin tana da takardar NCE, ta kuma taɓa koyarwa a firamare kafin su tafi. Ba ta raba yaran aji tara ba, wanda ba zai yiwu ba. Rukuni uku ta yi: masu koyon baƙi da ƙirga, masu matakin firamare, da na sakandare. Tarihi da labarin ƙasa da sira tare ake yi wa kowa, sai dai aikin da za a ba kowane yaro ya bambanta. Lissafi da Turanci ne kaɗai kowa ke bin littafin ajinsa. Amarya mahaddaciya ce, ita ke karɓar tilawa da la'asar, ta kuma ɗora wa manyan Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi. Alhamis da Juma'a hutu, kamar yadda aka gada a makarantar allo. Littattafan manhajar Nijeriya yake saye duk zuwan da ya yi, littafi guda kuma yakan ratsa hannun yara huɗu kafin ya mutu.

A wajen Alƙur'ani da tarbiyya sakamakon ya yi kyau ƙwarai: uku sun sauke, biyu daga cikinsu sun haddace fiye da rabi. Yaran suna jin Fulatancin yankin da Kiriyol, harshen kasuwar ƙasar, fiye da mahaifinsu, har babban ɗan ne ke yi masa tafinta a wasu wurare. Amma bai ɓoye mana inda abin ya gaza ba, kuma nan ne muke son mai karatu ya tsaya.

Da farko, jadawalin yana rushewa duk ranar da malam ya fita ƙauyuka, kuma yakan yi mako bai dawo ba. Gidan mai da'awa gidan baƙi ne, uwargidan da ke riƙe da alli ita ce kuma za ta tashi ta ɗora tukunya idan mutum goma suka sauka ba sanarwa. Ga ciki, ga goyo, ga zazzaɓin damina. Ya ce akwai shekarar da suka lissafa, suka ga wata huɗu cur ba a buɗe littafin boko ba.

Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne labarin babbar 'yarsa mai shekara goma sha biyar. A babban gida dole manya su taimaka wa ƙanana, kuma akwai alheri a ciki, domin wanda ya koyar ya ƙara sani. Sai dai a hankali yarinyar ta zama malamar rukunin ƙanana kuma mai reno, nata karatun ya tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare shekara biyu ba wanda ya lura, saboda ba ta taɓa kai ƙara ba. Sai ranar da ƙaninta ya wuce ta a lissafi ta shiga ɗaki ta yi kuka, sannan iyayen suka farga. Wannan zalunci ne, ko da ba da nufi aka yi shi ba, kuma irinsa ne Shehu ya yi gargaɗi a kai. Duk gidan da zai bi wannan hanya ya rubuta sa'o'in karatun babbar 'ya a jikin bango, kada a taɓa su ko da baƙi sun cika zaure.

Sai batun iyakar ilimin iyaye. Uwa mai NCE za ta kai yaro ƙarshen ƙaramar sakandare lafiya, amma kimiyyar sinadarai da lissafin babbar sakandare suna son malamin fanni da ɗakin gwaje-gwaje. Darussan intanet suna rage gibin idan akwai wutar sola da kuɗin data, amma ba sa duba aikin yaro su gane inda ya karkace. Daga nan kuma sai takarda. Yaron da bai zauna a aji ba ba shi da sakamakon gwajin aji da ake buƙata a jarrabawar 'yan makaranta, don haka hanyarsa ita ce ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE a WAEC, ko takwararta ta NECO. Mai son ɓangaren Larabci da addini kuma ya bincika tsarin hukumar NBAIS tun da wuri. JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, yaron da aka haifa a waje kuwa yana buƙatar takardar haihuwa da fasfo tun kafin a zo nan. Waɗannan abubuwa tun yaro yana shekara goma sha biyu ake fara shirinsu, ba sai ya kai goma sha bakwai ba.

A kuma san dokar ƙasar da za a je. A Amurka karatun gida halal ne a dukkan jihohi, a Jamus haramun ne, a Faransa kuwa tun 2022 sai da izinin hukuma. Limamin da aka ɗauka aiki a wani masallaci a Turai kada ya ɗauka abin da ya yiwu a Gabu zai yiwu a Hambog.

Ra'ayinmu shi ne karantar da yara a gida hanya ce mai kyau ga mai da'awa a ƙetare, ta fi raba ƙaramin yaro da uwarsa nesa ba kusa ba, amma aiki ne cikakke, ba abin da ake yi a gefen girki ba. Ƙungiyar da ta tura malami da iyalinsa ta sani cewa ma'aikata biyu ko uku ta tura, tana biyan ɗaya. Ya kamata kuɗin littattafai da na jarrabawa da na mai taimakon aikin gida su shiga cikin yarjejeniya a rubuce, a kuma ba matar horo kafin tafiya da wani abin hasafi a wata. Manyan ƙungiyoyinmu suna da makarantu da ƙwararrun malamai da za su iya haɗa manhaja guda ta boko da addini, mako bayan mako, su kuma yi wa 'ya'yan masu da'awa rajista a matsayin ɗalibansu na nesa, suna aika musu jarrabawa kowane zango. Attajirin da ke tambayar masallaci nawa aka gina da kuɗinsa, ya ƙara da tambayar ina 'ya'yan limamin suke karatu. Idan kuma duk wannan ya gagara, yaran suka kai matakin da gida ba zai iya ba, babu abin kunya malam ya nemi a musanya shi da wani ya dawo.

Abokinmu bai dawo ba tukuna. Ya koma Gabu da yara tara, ya bar babban ɗan da babbar 'yar a wajen ƙaninsa. Namijin yana zuwa darasin yamma yana shirin GCE. Ita kuwa an gwada ta aka sa ta aji uku na ƙaramar sakandare, ta girmi 'yan ajinsu da shekara ɗaya ko biyu, ta ce ba komai, likita take son zama. Allah Ya cika mata burinta, Ya ba mahaifanta ladan abin da suka shuka.