Naman sa mai tauri: wuta kaɗan da haƙuri, ban da jefa ƙwaya a tukunya

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa masu gida, darasinmu na yau a kan tukunya yake. Duk mai sayen nama a Gatawa ko Sabon Birni ko Isa ya san irin naman da ke zuwa gaban mahauta yanzu. Tun da rashin tsaro ya kori garkuna daga dazukanmu, ba kasafai ake kayar da ɗan bijimi mai taushin jiki ba. Mafi yawa tsohon san huɗa ne da ya gama aikinsa, ko tsohuwar saniya da ta daina haihuwa. Naman halal ne, yana da amfani, amma tauri sai ka ce igiyar guga. Ga itace ya yi tsada, don shiga daji nemansa ya zama sayar da rai. Sai maigida ya sayo nama da guminsa, a dafa, samari masu haƙora su cinye, tsohuwa ta tsotsa ta aje, mai jinya kuwa sai dai ya kalla. Alhali don su anka sayo shi.

Wanga matsin ne ya sa wasu ke jefa ƙwayar paracetamol, wadda muke kira Panadol, cikin tukunya, wai don nama ya yi laushi da wuri. Abin ya fara daga wasu masu sayar da abinci a birane, yanzu har ya shigo gidaje. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kai. Wagga ƙwaya, ko a matsayinta na magani, idan babba ya wuce takwas a yini tana iya ƙona masa hanta. Idan kuma anka tafasa ta, wani ɓangare nata yana rikiɗewa ya koma sinadari mai cutar ƙoda. To wa ya auna abin da ya shiga kwanon yaro ɗan shekara uku? Ciwon hanta da na ƙoda ba su da kakaki, sai sun yi nisa ake gane su, sannan a fara neman kuɗin mota zuwa Sakkwato. Ƙa'ida ce a Shari'a cewa ba a cutarwa kuma ba a yarda a cutu. Mai sayar da abinci da ta yi haka ta ɓoye wa masu saye, ta haɗa cutarwa da ha'inci. Uwargida da ta yi a gida cikin rashin sani, yau ta ji, sai ta bari.

Kanwa tana da sauƙi a kan ƙwaya, amma ita ma ba na so a naman mai jinya. Tana lalata wasu sinadaran gina jiki, kuma danginta ɗaya da gishiri wajen tayar da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sunka lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, kuma yawan kanwa a lokacin jego yana cikin abubuwan da sunka zarga. Mai jego da ke shan kunun kanwa, a sake zuba mata kanwa a farfesu, an yi mata yawa.

Me ke kawo taurin? Farar jijiyar nan da ke ratsa tsoka. Gwargwadon tsufan dabba da wahalar da ta sha, gwargwadon ƙarfin jijiyarta. Wuta mai ƙarfi tana sa tsoka ta takure ta matse ruwanta, shi ya sa za ku ga an yi ta hura wuta, itace ya ƙare, nama yana nan kamar roba. Amma idan jijiyar ta daɗe cikin ruwa mai zafi wanda ke motsi kaɗan-kaɗan, ba mai ɓulɓula ba, sai ta narke ta koma wancan danƙon da ke sa romon ƙauri ya daskare idan ya huce. Abin da ke hana tauna shi ne ke komawa abinci mai sauƙin haɗiya. Subhanallah.

Magabata sun san nauyin wanga nama. Ibnul Ƙayyim, a sashen magani na littafinsa Zadul Ma'ad, ya siffanta naman shanu da wuyar narkewa a ciki, ya ce ya fi dacewa da masu aikin ƙarfi, ya kuma ambaci masoro da tafarnuwa da kirfa da citta a matsayin masu rage illarsa. Ku duba, su ne dai kayan yajin da ke cikin kwallar kowace uwargida. Hadisin da ake yawo da shi a wayoyi cewa naman shanu cuta ne, malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yanka wa matansa shanu a hajjinsa. Kada wani ya haramta muku abin da Allah ya halatta.

Ga yadda ake yi. Wajen saye, kada ku yi jayayya a kan tsokar gadon baya, wannan ta masu tsire da balangu ce. Naman doguwar dahuwa shi ne wuya, ƙirji, kafaɗa da ƙauri, inda jijiya ta fi yawa. A roƙi mahauci ya ɗora ƙashi ɗaya mai ɓargo. A kuma san wurin wanda ake saye. Naman da ya yi arha fiye da hankali a wanga zamani abin tambaya ne: ko dabbar ta yi ciwo, ko kuwa ta wani bawan Allah ce anka koro daga garkensa.

A yanka shi ƙanana, kamar girman goro, a gicciye, kada wuƙa ta bi tsawon zaren naman. Ga kilo ɗaya, a daka ɗanyar citta kamar babban yatsa biyu, tafarnuwa kai ɗaya, masoro kaɗan, kanumfari huɗu ko biyar. A cuɗe naman da su, a naɗe shi cikin ganyen gwanda da anka wanke anka ɗan murje, a aje a inuwa awa ɗaya. A lokacin zafi kada ya wuce haka. Ganyen gwanda da ɗanyar citta duka suna da sinadarin da ke sassauta nama, kakanninmu sun san haka tun kafin a sa masa suna a makarantu. Busasshiyar citta ƙamshi da yaji take bayarwa, ba ta kai ɗanya wajen wanga aiki ba. Idan akwai mai ciki a gidan, a bar ganyen gwandar, citta ta isa.

Sai a cire ganyen a yar. A zuba mai cokali biyu a tukunya, a soya naman sama-sama har ya yi ja ta kowane gefe. Wannan don ɗanɗano ne, wanda ba shi da mai ya tsallake. A zuba albasa manya biyu, daddawa ɗaya, gishiri kaɗan, da ruwa gwargwadon ya kusa rufe naman. A bari ya tafasa sosai na minti 15, a kwashe kumfa. Daga nan aikin itace ya ƙare. A janye shi, a bar garwashi, a yayyafa masa toka, a rufe tukunya ruf. Tukunyar ƙasa ta fi, don tana riƙe zafi, tukunyar dalma mai kauri ma tana yi. Awa uku zuwa huɗu, ana ƙara ɗan gawayi idan garwashin ya yi sanyi. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, kowace buɗewa zafi ne ke tafiya. Alamar nuna ita ce a danna yanka ɗaya da bayan cokali ya baje. Wanda ya ɗora bayan La'asar, zuwa bayan Isha'i ya samu.

Wanda ko gawayin ya fi ƙarfinsa, akwai wata dabara. Bayan tafasar farko, a bar ta ta kai minti 30, a sauke tukunyar da murfinta ba tare da an buɗe ba, a naɗe ta da tsohon bargo, a saka cikin kwando ko buhu da anka cika da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a danne sama da wani tsumma. Zafin da ke ciki zai ci gaba da dahuwa. Bayan awa huɗu a buɗe, a mayar kan wuta ya sake tafasa kafin a ci. Wagga tafasa ta biyu wajibi ce, kuma kada a bar shi ya kwana a naɗe. Abinci mai ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.

'Yan'uwanmu da ke birni suna tambaya a kan tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali. Aikinta ɗaya da garwashi da toka. Kayan haɗi ɗaya ne, ruwa dai a rage, a sa ta a ƙaramin zafi awa shida zuwa takwas. Sharaɗinta wuta ta tsaya. Idan anka ɗauke wuta kuna gida, a juye a tukunya a ƙarasa a murhu nan take. Idan kun dawo kun tarar an ɗauke ba ku san tun yaushe ba, kuma naman ya huce, kada a ba kowa.

Wajen rabo, a fara da tsofaffi, da mai jego, da wanda ya tashi daga zazzaɓi, da yaron da anka yaye. Romon kada a raina shi. A gutsuttsura gurasa ko waina ko tuwon jiya a ciki, wannan shi ne ɗan'uwan saridun Larabawa, abincin da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya fifita a kan sauran abinci lokacin da yake bayanin falalar Nana A'isha. A Sahihu Muslim kuma ya umurci Abu Zarrin da ya yawaita ruwan miya don ya samu abin ba maƙwabta. A yau babu unguwar da ba ta da waɗanda sunka baro ƙauyukansu, wasu sun yi watanni ba su ga nama ba. Ƙarin kofi biyu na ruwa ba ya rage wa tukunyar komai.

Mai hawan jini a ɗebe masa nasa kafin a sa dunƙulen ɗanɗano, a kuma bar romon ya ɗan huce a kwashe kitsen da ya taso sama. Mai gyambon ciki a rage masa masoro da citta. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa gwargwadon naman da zai ci. Abin da ya rage a tukunya a tafasa shi kafin a kwanta, a rufe kada a sa hannu ko cokali, da safe a sake tafasawa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.