Jami'ar baƙar fata da 'yan matanta suka mamaye gasar Olamfik

A zamanin da wariyar launin fata ta hana baƙaƙe shiga yawancin jami'o'in kudancin Amurka, jami'ar Tennessee State da ke Nashville ce matattarar gwanayen gudu mata. 'Yan matan da koci Ed Temple ya horar, waɗanda ake kira Tigerbelles, sun ciyo lambobin Olamfik 23.

Fitacciyarsu ita ce Wilma Rudolph. Shan inna ya kama ta tana ƙarama, ta yi shekaru da ƙarfe a ƙafa, amma a 1960 ta lashe zinare uku a birnin Rum. Da garinsu Clarksville ya shirya mata bikin tarba, ta ce ba za ta je ba sai an haɗa baƙaƙe da farare wuri ɗaya. Haka kuwa aka yi.