Tsakanin Kano da Yerwa a Jirgin Sama

Tun shekarar 1925, da jiragen sama uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, mutanen ƙasar nan suke ta al'ajabin yadda jirgi ke naɗe ƙasa kamar tabarma. Amma akwai abu biyu da jama'a kan gauraya, watau nisa da lokaci.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri, in an miƙe sak ta sama, kimanin kilomita 500 ne, wajen mil 310 ke nan. Ta mota kuwa hanya ta kusa kilomita 600, gama sai ta ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. Fataken da, masu kai turkuɗi Barno su komo da kanwa, makonni suke yi suna yada zango. Mai mota yakan kwashe yini. Jirgi kuwa wajen sa'a guda.

Mai lissafi zai ce, jirgin da ke cin kilomita 800 cikin sa'a ai bai kamata ya kai minti 40 ba. To, jirgi ba ya samun cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma tun da nisa yake sassautawa domin sauka. Iska ma tana da nata: in ta biyo bayansa ta ƙara masa sauri, in ta tare gabansa ta rage.

Ga inda maganar ta shafi matafiyi. Waɗansu sukan ce wanda ya isa Yerwa cikin sa'a guda, ko ƙura ba ta taɓa rigarsa ba, ba shi da hujjar yin kasaru. Wannan kuskure ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ɗora hukuncin a kan nisa, watau mil 48, ba a kan wahala ko yawan kwanaki ba. Tsakanin garuruwan nan biyu kuwa ya ninka haka sau da yawa. Saboda haka mai jirgi da mai raƙumi hukuncinsu ɗaya ne. Da zarar ya wuce gidajen gari sai ya mai da Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu biyu, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana 4 a inda ya sauka.

Saura guda. Agogon Kano da na Yerwa ɗaya ne, amma ranarsu ba ɗaya ba ce. Da yake Yerwa tana gabas, rana takan riga faɗuwa can da kimanin minti 18. Bakanon da ya sauka Barno, in ya tsaya ga lokacin da ya saba a gida, sai ya jinkirta Magariba ba dalili. Mutumin Barno kuwa da ya zo Kano da azumi a baki, in ya bi lokacin garinsu, sai ya sha ruwa rana tana nan tsaye, azumin yini ya tafi a banza. Wanda Magariba ta kusanto yana sama kuma, ya duba taga, gama na sama yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa.

Jirgi ya rage sa'o'i, amma bai rage ko taki ɗaya na ƙasa ba. Matafiyi ya auna tafiyarsa da mil, ya auna lokacinsa da ranar garin da ya sauka. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.